Heinrich Barth (1821–1865): Abdulkarim, Baƙon da Ya Zana Birnin Kano a Takarda

Duk wanda ya taɓa hawa Dutsen Dala da hantsi ya san Kanon da ake gani daga can sama dabam take da wadda ake ratsawa a ƙasa. A ƙasa lungu ne yake miƙa ka ga lungu, katanga tana tare maka ido, kana iya shekara hamsin a unguwa ba ka san yadda take zaune tsakanin maƙwabtanta ba. Daga sama kuwa ga Kurmi, ga gidan Sarki, ga Goron Dutse, duka a kallo ɗaya. Sai dai ba mai iya sa Dala a aljihu ya tafi da shi. Mutumin da za mu duba rayuwarsa yau ya yi abin da ya yi kusa da haka. Ya bi birnin a kan doki da kamfas da agogo, ya mai da abin da ya auna ya zama zane, har wanda bai taɓa taka ƙasar Hausa ba ya iya ganin abin da ke ɓoye a bayan ganuwa.

Ba mai wa'azi ba ne, ba kuma ɗan mishan ba. Amma 'yan'uwa, in muka bi tarihin Littafi Mai Tsarki na Hausa da ke hannunmu baya, za mu iske zarensa ɗaya a ɗaure da tafiyar wannan mutum.

An haifi Heinrich Barth a birnin Hamburg na ƙasar Jamus ranar 16 ga Fabrairu, 1821. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne mai abin hannu, ɗan ikilisiyar Lutheran mai tsananin horo. Yaron ya tashi ba shi da yawan abokai, littafi da koyon harsuna su ne abokan hirarsa. Ya shiga Jami'ar Berlin, ya yi karatu a hannun Carl Ritter, babban malamin labarin ƙasa na zamanin, ya kuma sami digirin dakta a 1844. Abin da ya rubuta a kai shi ne cinikin tsohon birnin Korinti, Korintin nan da manzo Bulus ya aika wa wasiƙu biyu. Tun a nan ake ganin halinsa: in ya dubi gari, tambayarsa ta farko ita ce me yake shiga, me yake fita, ta wace hanya, a kan nawa.

Daga 1845 zuwa 1847 ya kewaya ƙasashen bakin Bahar Rum, yana goge Larabcinsa. A kan iyakar Masar 'yan fashi suka tare shi, suka harbe shi a cinya, suka kwashe kayansa har da yawancin rubuce-rubucensa. Ina zaton zafin wannan asara ne ya sa daga baya, duk inda ya sami ayarin da zai ƙetare hamada, sai ya kwafe abin da ya rubuta ya aika gida.

Hanyar Kano

A 1849 gwamnatin Ingila ta shirya tafiya zuwa tsakiyar Afirka a ƙarƙashin James Richardson, mutumin da ya ba da ransa ga yaƙi da cinikin bayi. Nufin shi ne a ƙulla yarjejeniyar ciniki da sarakuna, a kuma ga hanyoyin da ake bi da bayi. Aka haɗa shi da Jamusawa biyu, Barth da Adolf Overweg. Sun bar Tarabulus a watan Maris, 1850. Barth ya ɗauki sunan Abdulkarim, da wannan suna kuma aka san shi daga Agadas har Tambutu.

Saura kaɗan tafiyar ta ƙare masa tun ba a je ko'ina ba. Kusa da Gat ya tafi shi kaɗai hawan dutsen Idinen, wanda Buzaye suke cewa mazaunin aljanu ne. Ya ɓata, ruwansa ya ƙare, har ya tsaga jijiyarsa ya tsotsi jininsa. Wani Buzu ne ya bi sawunsa ya same shi kwance. Daga nan suka ratsa Azbin, inda ya soma kama Hausa a bakin 'yan ayari. A Damargu, cikin Janairu 1851, mutanen uku suka rabu da alkawarin haɗuwa a Kukawa. Barth ya bi ta Tasawa da Katsina.

Ga yadda yake aikinsa a hanya. Yana bisa raƙumi ko doki, kamfas da agogo a hannu. Duk lokacin da hanya ta karkata sai ya rubuta ƙarfe nawa ne, ina aka fuskanta, me ke dama, me ke hagu. Da yake ya san tafiyar da raƙumi yake yi a awa ɗaya, mintoci sukan zama nisa. In an sauka zango kuma sai ya zauna da fatake da alhazai da malamai yana tambaya: daga nan zuwa gari kaza kwana nawa, a ina ake kwana, ina rijiya, wane kogi ake ƙetarewa, ruwansa ina ya nufa. Wanda ya karanta Joshuwa sura 18 zai tuna da mutanen da aka aika daga Shilo su ratsa ƙasar, su rubuta fasalinta gari gari a littafi kafin a raba gādo. Irin wannan aiki ne, aikin ƙafa da haƙuri. Ya kamata kuma a faɗa, rabin ilimin da ke cikin taswirorinsa na mutanen ƙasar nan ne, waɗanda suka san hanyoyin da ka. Shi ya tara, ya gwada maganar wannan da ta wancan, ya jera.

Abin da zanen ya nuna

Ya shiga Kano ranar 2 ga Fabrairu, 1851, da duhu, ba kuɗi, ga bashi a wuya. Daga ƙofar gari sai da ya yi tafiyar wajen minti 40 kafin ya kai masauki a unguwar Dala, inda 'yan kasuwa Larabawa suke zaune. Zazzaɓi ya kwantar da shi. Da ya ɗan farfaɗo aka kai shi fada gaban Sarki Usman ɗan Ibrahim Dabo, ya kuma gana da Galadima Abdullahi, wanda ya gaji sarautar a 1855. Bayan haka ya sami damar hawa dokinsa da ɗan rakiya, yana zaga unguwanni yana aunawa.

Ba shi ne Baturen farko da ya zana Kano ba. Hugh Clapperton ya riga shi, a 1824. Amma Barth yana jin Hausa, saboda haka ya tattara sunayen unguwanni da ƙofofi daga bakin masu gari, ya sa wa wurare lamba a jikin zanen ya kuma jera bayaninsu a gefe: kasuwa, gidan Sarki, gidan Galadima, Dala, Goron Dutse, ƙofofi irin su Mazugal, Kansakali, Kabuga, Na'isa, Nasarawa, Mata da Wambai. Lamba a jiki, bayani a gefe, dabara ce ƙarama, amma ita ta hana zanen cunkushewa.

Abu na farko da ido yake kamawa a zanen shi ne fili. Ganuwa ta kewaye wuri mai faɗi ƙwarai, amma gidaje sun taru ne a ɓangaren kudu maso gabas, daga gindin Dala zuwa bango. Sauran gonaki ne da makiyaya. Wannan ne amsar minti 40 ɗin nan na daren farko. Barth ya fahimci ba sakaci ba ne: magabata sun yi haka ne domin in an yi wa birni ƙawanya a iya noma hatsi a ciki, mutanen ƙauyuka kuma su sami mafaka da dabbobinsu. Ana iya faɗin haka da baki a shafi guda, amma farin wurin da ke cikin zanen ya faɗe shi ba tare da kalma ba.

Abu na biyu shi ne Jakara. A zanen tana kwance a tsakiya, ta raba gari biyu, kasuwa tana bakinta. Da ya jera unguwanni sai ya ga rabon ya wuce na ruwa kaɗai. Arewa da Jakara unguwannin Hausawa ne da baƙin 'yan kasuwa, kudu kuwa nan fada take, nan Fulani masu mulki suka fi zama. Shekara arba'in da 'yan kai bayan jihadi, tarihin wanda ya ci da wanda aka ci yana kwance a ƙasa, mutane suna taka shi kullum.

Sai lissafi. Ya ƙiyasta mazauna birnin 30,000, suna iya ninkawa zuwa 60,000 daga Janairu zuwa Afrilu, lokacin da ayari suke sauka. Ya bi kayan ciniki ɗaya ɗaya ya sa wa kowanne kimarsa da kuɗin wuri, a lokacin da wuri 2,500 suke daidai da dalar azurfa ɗaya. Tufafin da ake saƙawa a rina a ƙasar Kano a fitar da su, ya ce sun kai wuri miliyan 300 a shekara, a mafi ƙaranci. Goron da ake shigowa da shi wajen miliyan 100. Domin kada adadin ya zama iska a kunnen mai karatu, ya ba da ma'auni: iyali guda suna iya rayuwa shekara cur, ci da sutura, da wuri 50,000 zuwa 60,000. In muka raba da kanmu, tufafin nan kaɗai abincin gida 5,000 ne ko fiye. A ganina wannan ɗabi'a tasa ta fi zanen kansa amfani a gare mu. Ma'ajin ikilisiya da yake karanto miliyoyi a taron shekara jama'a suna gyangyaɗi, da zai ce kuɗin nan buhun masara nawa ne, da kowa ya farka.

Akwai wani abu da sai a taswira yake fitowa. Ya lissafa cewa kayan raƙumi 300 na tufafin Kano suna isa Tambutu kowace shekara, kimar wuri miliyan 60. Tambutu tana yamma da Kano. Amma kayan arewa suke fara yi, su ƙetare hamada zuwa Gat da Gadamas, su bi ta Tuwat, sa'an nan su gangaro kudu. A jerin sunayen zango ba ka ganin komai. Da aka ja layin a takarda sai ga baka mai girman gaske, wanda yake nuna yadda rashin tsaro ya toshe miƙaƙƙiyar hanya. Wanda yake barin hanyar kusa yau ya yi zagaye saboda tsoron masu garkuwa da mutane ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

A cikin jerin nan na tufafi da takalma da goro da kanwa akwai layi ɗaya mai nauyi. Bayi, wajen 5,000 a shekara, ake fitarwa daga Kano. Mai wucewa ta kasuwa yana ganin 'yan kaɗan a rumfa, ya saba da su kamar yadda ya saba da rumfar mahauta. Jimlar ce take tsorata mutum: kusan rai 14 kowace rana, har da ranar salla. Barth ya rubuta adadin da sanyin murya irin ta mai lissafi, kuma yakan sassauta magana a kan bautar cikin gida fiye da yadda zan so. Amma bai ɓoye ba. A ƙarshen shekarar ya bi rundunar Barno zuwa ƙasar Musgu, ya ga harin kamun bayi da idonsa, ya rubuta yadda aka kashe maza 170 da aka kama, yawancinsu aka sare musu ƙafa aka bar su jini ya ƙare. Masu yaƙi da bauta a Ingila sun zarge shi da bin rundunar. Suna da hujja. Sai dai ba don ya je ba, da ba mu da wannan shaida.

Binuwai da Tambutu

Ya bar Kano a farkon Maris. Kafin ya kai Kukawa wurin Shehu Umar labari ya iske shi cewa Richardson ya rasu a hanya. Ranar 18 ga Yuni, 1851, ya tsaya a bakin Binuwai, daidai inda Faro take zuba a cikinta, a hanyarsa ta zuwa Yola. Ya auna faɗi, ya duba inda ruwa ya nufa, ya tambayi masu kwalekwale. Turawa sun riga sun san wani babban kogi da yake haɗuwa da Kwara a inda Lakwaja take yau, wasu suna zaton daga Tafkin Cadi yake fitowa. Barth ya aika da bayanin cewa kogin nan Binuwai ne, kuma daga duwatsun kudu yake gangarowa.

Takardun suna isa Landan wurin August Petermann, gwanin zanen taswira, shi ma Bajamushe. Shi ne yake ɗaukar dubban mintoci da kusurwoyin kamfas, ya ɗaure su da wuraren da Overweg ya auna da taurari, ya mai da su layi. Da layin Binuwai ya fito a takarda, hukuma ta ga ƙofar shiga tsakiyar ƙasa ta ruwa. A 1854 aka aika da jirgin Pleiad, wanda Dokta William Baikie ya jagoranta. Sun sha kwinin kullum, ba wanda ya mutu. A cikin jirgin akwai Samuel Ajayi Crowther, kuma abin da ya gani a wannan tafiya ya taimaka wajen buɗe aikin mishan na kogin Kwara a 1857. Barth bai nufi haka ba, yana can yana fama da ransa.

Overweg ya rasu a bakin Tafkin Cadi a Satumba 1852. Barth ya rage shi kaɗai cikin ukun, tare da amintaccen baransa Muhammad al-Gatroni. Maimakon ya juya gida sai ya nufi yamma. Ya gana da Sarkin Musulmi Aliyu Babba a 1853, ya zauna Wurno da Sakkwato. A Gwandu aka ba shi aron littafin Tarihin Sudan, ya kwafi abin da ya iya, daga ciki ya tsara jadawalin sarakunan Songhai shekara bisa shekara, kamar yadda ya yi wa na Barno. Ya yi kuskuren cewa Ahmad Baba ne marubucin, alhali Abdurrahman al-Sa'di ne. Amma jadawalin ya sa wa masu cewa baƙar fata ba su da tarihi hujja a gaban ido.

A duk tafiyarsa bai ɓoye cewa shi Kirista ba ne, sai a kashin ƙarshe na hanyar Tambutu, inda ya bari aka ɗauke shi sharifi daga gabas. Ba zan wanke shi ba, ba kuma zan ɗaga murya a kansa daga kan kujerata ba. Da ya shiga garin a Satumba 1853 asiri ya tonu, masu mulkin Masina suka nemi a miƙa shi. Shehu Ahmad al-Bakkai, babban malamin Kunta, ya tsaya masa watanni, yana kāre baƙonsa da hujjojin shari'a, suna kuma muhawara a kan addini kowa yana kan nasa. Malamin Musulmi ne ya ceci ran wannan Kirista, ya kuma raka shi da kansa sa'ad da ya kama hanya a Mayu 1854. A Turai an riga an buga labarin mutuwarsa.

Ya sake biyowa ta Kano a Oktoba 1854. Makonni kaɗan kafin haka, a Landan, amai da gudawa ta kashe mutane fiye da 600 a unguwa ɗaya. Wani likita, John Snow, ya sa alamar baƙin layi a taswira a ƙofar kowane gidan da aka yi rasuwa, layukan suka taru kewaye da famfon titin Broad. Petermann ma ya taɓa zana taswirar wannan cuta a Ingila, yana duhunta inda ta fi ɓarna. Barth ya yi kukan ƙazantar Jakara da kududdufan Kano, ya ɗora musu laifin zazzaɓinsa, amma ba shi da lissafin matattu da zai ɗora a kan zanensa. Wannan ɓangaren aikin namu ne. Da yawa cikin kududdufan an cike su an yi gini, filin nan na cikin ganuwa gidaje sun cinye shi, ganuwar ma an ci ta a wurare da dama, ruwan sama kuwa bai manta da inda yake kwanciya ba.

Komawa gida

Ya isa Tarabulus a Agusta 1855, bayan shekara biyar da watanni da tafiyar fiye da mil 10,000. Littafinsa ya fito a juzu'i 5, da Turanci da Jamusanci, tsakanin 1857 da 1858, shafi wajen 3,500, da taswirorin Petermann. An ba shi lambobin yabo, amma jama'a suka fi son littafin David Livingstone da ya fito a 1857, mai daɗin karatu. Na Barth ya cika da jadawali. Shi kansa mutum ne mai saurin fushi, mai zargin mutane, bai iya zama da manya ba. Sai a 1863 ya sami kujerar farfesa a Berlin. Bai yi aure ba. Ciwon ciki ya kashe shi ranar 25 ga Nuwamba, 1865, yana da shekara 44.

Zane ba ya zaɓen mai kallonsa. Littafin da ya nuna wa duniya cewa Kano birnin masana'antu ne, shi ne kuma ya nuna wa masu kwaɗayi inda dukiya take. Shekara 52 da kwana ɗaya bayan shigarsa, ranar 3 ga Fabrairu, 1903, sojojin Ingila suka fasa ganuwar.

Saura zaren da na ambata a farko. Overweg ya fanshi yara biyu daga bauta, Abbega, ɗan ƙabilar Margi, da Dorugu, Bahaushe daga ƙasar Damagaram. Bayan rasuwarsa suka bi Barth har Tambutu, ya kuma tafi da su Ingila. Can suka haɗu da Rabaran James Frederick Schön na mishan ɗin CMS, wanda yake fama da Hausa tun tafiyar kogin Kwara ta 1841. Barth da Schön sun yi saɓani mai zafi a kan wanda zai riƙe yaran, amma a gidan Schön suka zauna, aka kuma yi musu baftisma. Daga bakin Dorugu Schön ya rubuta tatsuniyoyi da labarin rayuwarsa, ya gyara fassararsa ta littattafan Bishara, ya fitar da nahawun Hausa a 1862, ƙamus a 1876, da Magana Hausa a 1885. A kan irin wannan harsashi na baya suka ɗora, har cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932.

Abbega ya dawo a 1857, daga baya ya koma Musulunci, ya yi sarautar Lakwaja. Dorugu ya dawo a 1864. A ƙarshen rayuwarsa yana koyar da boko a makarantar Ɗan Hausa a Nasarawa, bayan ganuwar Kano kaɗan, a wajen ƙofar da Abdulkarim ya sa wa lamba a zanensa. Nan ya rasu a 1912.